Sayen ƙaramar mota ta hannu a Kano: tambayoyi da amsoshi kan dubawa, takardu da ciniki da dillalai

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta yi ƙasa a watannin da suka biyo baya, masu neman mota a Kano suka karkata ga ƙanana masu fulogi huɗu. Hakan ya ɗaga darajarsu, ya kuma sa ake zaƙulo waɗanda da can an jingine, a yi musu wanka da fenti a kai su fili. Ga tambayoyin da masu saye suka fi yi.

'Yar Kwatano ta fi ko wadda aka hau a gida?

'Yar Kwatano, wadda wasu ke kira Beljiyam, ita ce wadda aka hau a Amurka, Kanada ko Turai, aka shigo da ita ba a taɓa yi mata lamba a Najeriya ba. Ba ta sha ramuka ba, mai gyaran waya na bakin titi bai taɓa yanka mata waya ba. Sai dai da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka a gwanjon motocin da suka yi hatsari ko suka nutse a ambaliya ake sayo su, a gyara a nan. Saboda haka kasancewarta 'yar waje ba shaidar lafiya ba ce.

Ta gida ta fi sauƙin kuɗi, kuma in ka yi sa'a za ka ga mai ita ido da ido ka yi masa tambayoyi. Motar da ma'aikaci ke zuwa ofis da ita, ko wadda hajiya ke kai yara makaranta, ba ɗaya take da wadda ta yi shekara uku tana lodin fasinja zuwa Abuja ba, ko da shekarunsu ɗaya.

Wadda ya kamata ka yi hattara da ita ita ce ta uku: motar gida da aka cire wa lamba, aka wanke ƙarƙashinta, aka sa mata kuɗin Beljiyam. Duba ramukan kusar lamba a bamba ko sun faɗaɗa, tabon da sitikar lasisi ke bari a gilashin gaba, jar ƙasa a lungunan ƙarƙashi inda ruwan wanki ba ya kaiwa, da kawunan notunan inji da sifana ta cinye.

Wace ƙaramar mota ce ta fi dacewa da Kano?

Wadda kayanta suke a Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, bakaniken unguwarku kuma ya san ta. Wannan ne ya sa Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 ba ta yin kwantai. Injinta lita 1.8 ne, sarƙa yake amfani da ita a maimakon bel na taimin, tankinta lita 50, kuma mai lafiya takan yi kusan kilomita 10 da lita ɗaya a cikin gari. Toyota Matrix da Pontiac Vibe na waɗannan shekarun yawancinsu inji ɗaya suke da ita, ga but mai faɗi. Corolla ta kafin 2003 mai wannan injin an san ta da shan baƙin mai. Ta 2009 zuwa 2013 kuwa, famfon ruwanta ne ke yawan yoyo. Daga 2014 yawancin na Amurka wata irin giyar otomatik da ake kira CVT gare su, mai buƙatar manta na musamman, wadda ba kowane bakanike ya iya ta ba.

Honda Civic ta 2001 zuwa 2005 giyarta ta otomatik ce rauninta. Ta 2006 zuwa 2008 tana da daɗin tuƙi, amma wasu jikin injinsu kan tsage ya riƙa zubar da ruwa, kuma ƙasa take, tana gogar tudun rage gudu idan an cika ta da mutane. Peugeot 206 da 307 sun fi araha. Mai giyar hannu ta fi kwanciyar hankali, domin giyarsu ta otomatik da wayoyinsu sukan wahalar da mai su. Yaris da Kia Picanto ba sa shan mai, sai dai idan iyalinka shida ne kuma kana zuwa ƙauye da damina, ba naka ba ne.

Corolla ta fi tsada a saye, amma ranar da ka tashi sayarwa ba za ka kwana biyu kana neman mai so ba. Wannan ma kuɗi ne.

A wurin wa zan saya?

Masu filayen sayar da motoci suna nan jere a manyan tituna irin su Zoo Road, titin Zariya da titin Maiduguri. Amfanin mai fili shi ne yana da adireshi, gobe ma za ka same shi. Amma ba duk motar da ke filinsa ce tasa ba. Da yawa ajiya aka kawo masa ya sayar. Dillalin da ke yawo da hotuna a waya kuwa sau da yawa shi ma daga wani dillalin ya samo, kowa ya ɗora nasa kafin farashin ya iso kunnenka. Tambayar farko ke nan: “Malam, motar nan ta waye, kuma zan iya magana da shi?” Yadda aka amsa ta zai nuna maka hannu nawa ke tsakaninka da mai kaya.

Wanda ya sa hoto a Facebook ko WhatsApp ya ce motar tana Legas ko a hannun kwastam, ka tura kuɗin mai a kawo maka, wannan cinikin biri a sama ne.

Me zan fara dubawa, inji ko takardu?

Takardu. Inji ya lalace ana gyarawa ko a sauke a ɗora wani. Motar da kwastam suka kama a hanyar Kaduna, ko wadda 'yan sanda suka ce ta sata ce, ba bakaniken da zai fitar maka da ita.

Ga 'yar waje, abin nema shi ne takardun duti: takardar bayanin kaya da ake kira SGD mai ɗauke da lamba da ta fara da harafin C, takardar ƙiyasin kuɗin, da rasidin banki. Lambar casis, shekarar mota da samfurinta da ke jikin takarda dole su yi daidai da na jikin motar, harafi da harafi. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, wanda ya sa takardun jabu suka yawaita, har a 2019 kwastam suka rufe wuraren sayar da motoci da dama a faɗin ƙasar nan suna bincike. Wata dabarar ita ce a biya duti na gaske amma a rage wa motar shekaru a takarda don kuɗin ya yi sauƙi. Ranar da aka gano, mai riƙe da motar ne zai biya cikon. Kada ka tsaya ga kallon hatimi. Ɗauki kwafi ka kai ofishin kwastam na shiyyar Kano da Jigawa da ke Bompai a tantance kafin ka biya. Mai motar da takardunsa ke da kyau ba zai ƙi ba ka kwafi ba.

Ga ta gida, sai ka ƙara da takardar mallaka, lasisin mota, takardar lafiyar mota ta VIO, inshora, da takardar ba da lamba. Takardar dutin nan ta asali har yanzu ana buƙatarta, ko hannu nawa motar ta bi. Idan sunan da ke takardar mallaka ba na mai sayarwa ba ne, a nuna maka takardun cinikin da suka haɗa su. Ana iya duba lambar mota a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra, a ga ko irin motar da aka yi wa rajista da ita ke nan. Idan aka ce maka takardu sun ɓace amma za a yi maka ragi mai yawa, ka yi sallama ka tafi. Wanda aka kama da kayan sata shi ne zai yi ta bayani a caji ofis, dillalin kuwa wayarsa a kashe.

Me lambar casis ke nunawa?

Haruffa da lambobi 17 ne, babu I, O ko Q a ciki. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, a sitikar ginshiƙin ƙofa, da kuma wadda aka buga a ƙarfen motar. Duka su zama iri ɗaya, babu alamar walda, kankara ko sabon fenti a kewayensu.

Harafin farko ƙasar da aka ƙera ta ne: J Japan, 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, K Koriya, W Jamus. A motocin kasuwar Amurka, na goma shi ne shekara: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Wannan yana da amfani sosai, domin ana canja wa mota fitilu da bamba a mayar da ta 2003 ta yi kama da ta 2007, a kuma sa mata kuɗin ta 2007. Motocin Turai ba duka ke bin wannan tsarin ba.

Rubuta lambar a Google. Sau da yawa hotunan gwanjon motar sukan fito, ka ga yadda take kafin fanabita ya taɓa ta. Rahoton Carfax, kamfanin da ke tara tarihin motocin Amurka da Kanada, na biyan kuɗi ne, amma yakan nuna hatsari da tafiyar da ta yi. Corolla, Matrix, Vibe da Civic na waɗancan shekarun suna cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda balan-balan ɗin kariya na kamfanin Takata, kuma da lambar casis ake gane ko an canja na motar.

Ta yaya zan gane ta yi hatsari ko ta sha ruwa?

Da rana tsaka, a fili, motar a bushe. Jiƙaƙƙen fenti da hasken magariba suna ɓoye komai. Tsuguna a gaban fitila ka kalli gefen motar a tsaye: inda aka cika da fila za ka ga hasken yana lanƙwasa. Ɗan maganaɗisu a cikin ƙyalle yana kama ƙarfe, ba ya kama fila mai kauri. Sa yatsa a tsakanin bonet da gefe, hagu da dama. Tazarar ta zama ɗaya. Duba robar gilashi ko feshin fenti ya taɓa ta.

Fenti a ƙofa ko bamba ba abin tashin hankali ba ne, abin ragi ne. Abin gudu shi ne ƙafafun casis. Buɗe bonet ka bi ƙarafan nan biyu da suka fito daga ƙarƙashin inji zuwa bamba. Idan akwai walda, ƙwanƙwasa ko lanƙwasa, motar ba za ta daina cin taya ba komai yawan saitin da aka yi mata. Haka a baya, ɗaga safaya ka duba ƙasan but.

Ta ruwa kuwa, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai tabon laka, leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kai ko sun yi tsatsa, ɗaga kafet ka shinshina. Motar da aka cika da turare har yana hawa kai, ka tambayi kanka me ake rufewa. Matsalar mai ruwa ba ta fitowa ran farko. Wayoyi ne ke ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ƙwaƙwalwar mota ta mutu. Masu zuwa daga Kanada da arewacin Amurka kuma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yakan ci ƙarƙashinsu, don haka a hau rami a duba.

Akwai kuma wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Alamarta: hannun buɗe bonet a dama, waifa tana sharewa ta ɓangaren fasinja, da facin ƙarfe a bangon da ke bayan inji. A bar ta.

Inji fa?

Ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo, ka je da safe, ka ɗora hannu a inji. In ka ji ɗumi an riga ka, domin yawancin aibin inji a tashin farko yake magana.

Kafin a tayar, zaro sandar baƙin mai. Idan man ya yi launin shayi mai madara, ruwa na shiga, gasket ya ƙone. Idan ya yi kauri yana danƙo, wataƙila an zuba mai nauyi ne don ya danne ƙara. Buɗe murfin mai ka haska ciki: baƙin dasƙararren datti na nufin ba a juye mai a kan lokaci. Buɗe lagireto, amma sai inji na da sanyi, kada ka kuskura ka buɗe da zafi. Ruwa mai launi ake so. Jan ruwan tsatsa na nuna shekara da shekaru ruwan rijiya ake ɗura mata.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar inji, ta mai, ta batir, ta ABS da ta balan-balan dole duka su kama. Wadda ba ta kama ba, wataƙila an cire ƙwanta. Wata dabarar ita ce a haɗa wayar fitilar inji da ta mai don su mutu tare. Saboda haka kula ko ta balan-balan tana mutuwa a nata lokacin, bayan 'yan daƙiƙu.

Ta tashi, sai ka koma salansa. Hayaƙi shuɗi, tana ƙona baƙin mai, zobba ko robobin bawul sun tafi. Baƙi, fetur ya yi yawa, galibi nozul ko na'urar auna iska. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa take ƙonawa. Farin tururi na safiyar hunturu ba komai ba ne. Kumfa na tasowa a bakin lagireto ba tsayawa, shi ma gasket ne.

Idan fanka ta kama tun daga murɗa makulli, an haɗa ta kai tsaye, kuma kusan kullum an cire tamostat. Makanikai da yawa suna yin haka da sunan zafin Arewa, amma injin da ba ya kai zafin aikinsa yana ƙara shan mai, kuma sau da yawa an yi hakan ne don a rufe matsalar zafi da ba a gyara ba. Leƙa ƙarƙashi kuma ka ga ko tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke ce wa indomi, tana nan ko an fasa an kwashe cikinta an mayar da walda. Tana da tsada, rashinta abin ragi ne babba.

Batir mai lafiya yana nuna kusan 12.6 a mita idan mota na kashe, 13.8 zuwa 14.5 idan tana aiki. Ƙasa da haka, a duba altaneto.

Gwajin tuƙi na minti nawa ya isa?

Zagaye ɗaya a layi ba gwaji ba ne. A ƙalla rabin awa, kai ne a sitiyari, rediyo a kashe, ko da kai za ka sa man. Taka birki ka sa giya daga P zuwa R, sannan D. Ta shiga cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da duka ba. Wasu giyoyin sai sun yi zafi suke fara zamewa, shi ya sa ake son doguwar tafiya. Man giya ja ne. Baƙi mai ƙauri alamar giyabos ya kusa. Mai giyar hannu, sa ta huɗu a ƙaramin gudu ka taka totur: inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya ƙare.

Hau babban titi ka kai kilomita 80 zuwa 100, ka ji ko sitiyari na rawa ko tana ja gefe. Shiga layi mai ramuka ka saurari ƙafafu. Murɗa sitiyari har ƙarshe ka juya a hankali. Ƙas-ƙas-ƙas na nufin shaf. Sannan ka tsaya a cunkoso da AC a kunne kana kallon allurar zafi. A Kano, inda zafin Afrilu ke kai digiri 40, AC ba ado ba ne. Kalmar “gas kawai take so” ita ce aka fi ji a bakin dillalai; gas ba ya ƙarewa sai da yoyo, kuma idan yoyon a cikin dashbod yake sai an sauke shi gaba ɗaya.

Tayoyi suna da lambobi huɗu a gefe: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar shekara 4 a matsayin wa'adin taya, ko da zanenta bai cinye ba.

Zan yarda da kilomitan da ke dashbod?

A'a. Ana mayar da su baya cikin mintuna. Kwatanta da robar birki, sulɓin sitiyari da lotsewar kujerar direba. Ka tuna kuma motocin Amurka mil suke ƙirgawa: mil 150,000 kusan kilomita 240,000 ne.

Na'urar duba mota da kwamfuta ta fi dashbod gaskiya. Duk motar Amurka daga 1996 tana da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Da lambobi take nuna laifin mota: P0300 na nufin inji na tsallake wuta, P0420 tukunyar tace hayaƙi, P0171 iska ta fi mai yawa. In ba ta nuna komai ba, a duba ko gwaje-gwajen cikin ƙwaƙwalwar sun kammala. Idan yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge laifuffukan. A sake jonawa bayan gwajin tuƙi.

Wane bakanike zan tafi da shi?

Naka, wanda zai ci gaba da gyara motar bayan ka saya, ba wanda dillali ya kira ba. Biya shi kuɗin dubawa tun kafin ku tafi, ka gaya masa ko an saya ko ba a saya ba kuɗinsa ke nan. Bakaniken da sai ciniki ya faɗa zai samu wani abu, ko wanda ya keɓe da dillali suka yi ƙus-ƙus, ya zama ɗan wancan ɓangaren. In da hali a ƙara da mai gyaran waya, a kai motar gareji a Kwakwaci ko wani wuri mai rami.

Yaya ake tayi ba tare da an yi wauta ko an ɓata wa mutum rai ba?

Cinikin mota ba a baki ake cin sa ba, a takarda ne. Kafin ka taya, ka ga irin motar a wurare uku ko huɗu, ka tambayi kuɗin sallamawa, ba kuɗin da aka sa ba. Sannan bakanikenka ya rubuta duk abin da ya gani, ku kira Ƙofar Ruwa ku ji kuɗin kowane kaya a ranar, ku haɗa da kuɗin aiki.

Misali kawai: an sa wa mota miliyan 7.5, ka ga irinta ana sallamawa a 6.9. Lissafin gyara, wato taya huɗu, shokozoba biyu da kwampireso, ya kama dubu 600. Iyakarka ke nan 6.3, kuma ba ka faɗa wa kowa, har dillalin da ya kawo ka. Ka fara daga 5.8.

“Alhaji, mota ta yi, ba na kushe ta. Amma ga abin da bakanike ya rubuta. Na saya biyar da ɗari takwas.”

“Haba ranka ya daɗe, albarka. Ko kuɗin sayenta bai kai ba.”

“To nawa za ka sallama, tsakani da Allah?”

Daga nan sai ka yi shiru, ka bar shi ya sauko da adadi. Ƙarinka ya riƙa ƙanƙancewa: dubu 200, sannan 100, sannan 50. Wannan ke nuna masa ka kusa bango. Wanda ya yi tsalle daga 5.8 zuwa 6.3 a numfashi ɗaya ya sanar cewa akwai saura a aljihu.

Kada ka kushe mota da abin da babu, dillalan Kano sun fi ka sanin motar, kuma raini yana taurara ciniki. Kada kuma ka nuna ta shiga ranka; mai zuwa da iyali suna shafa kujeru suna zaɓen wurin zama ya riga ya ƙara wa kansa kuɗi. In an ce za a gyara maka kafin ka ɗauka, ka zaɓi ragi ka gyara da kanka, don mai sayarwa mafi arahar kaya zai sa. In an cije, bar lambar waya ka tafi cikin mutunci. Kiran yakan zo kafin kwana biyu, musamman ga motar da ta daɗe a fili ƙura ta rufe tayoyinta. Gab da sallah kuwa masu saye suna da yawa, ba lokacin neman sauƙi ba ne.

Abu ɗaya: in ka taya aka ce an sallama, magana ta ƙare. Kada ka taya kuɗin da ba ka shirya biya ba.

La'ada wa ke biya?

A yanke wannan kafin tayi, ba bayan an sallama ba. “La'ada ciki” na nufin tana cikin kuɗin da ka taya, mai mota zai fitar. “La'ada waje” na nufin kai za ka ɗora a kai. A faɗi adadinta da naira, a kuma faɗi mutum ɗaya da za a damƙa wa, shi ya san yadda zai raba da abokansa. In ba haka ba, da zarar an ga makulli a hannunka mutum biyar za su fito, kowa ya ce da shi aka yi.

La'ada halak ce, haƙƙin wahalar dillali. Abin da ba a so shi ne ya karɓi la'ada a wurinka, alhali ya riga ya ɗora nasa a kan kuɗin mai mota. Maganinsa a haɗa ka da mai motar, ko a waya, ka ji adadin daga bakinsa.

An ce wani ya riga ya taya, yana hanya da kuɗi. Gaskiya ne?

Wani lokaci. Amma wanda ya bayyana daidai lokacin da kake tayi, ya zagaya motar ya taya sama da kai, sau da yawa ɗan gida ne. Wannan shi ne najashi da shari'a ta hana, wato taya kaya ba don a saya ba sai don a zuga wani. Amsarsa ɗaya ce: “Allah ya sanya alheri, a sayar masa.” Idan kuma da gaske wani na cikin ciniki, ba a shiga cinikin wani sai ya janye.

Yaya zan biya?

Ta banki, zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da na takardar ciniki, a rubuta lambar casis a bayanin turawa. Kafin alƙalami, in ya zama dole, ya zama kaɗan, a rubuta cewa za a dawo da shi idan takardu ba su inganta ba.

Takardar ciniki ta ƙunshi sunaye da adireshi, kwafin katin shaidar mai sayarwa da hotonsa, samfurin mota, launi, lambar casis da ta inji, kuɗin da aka biya, kwanan wata har da lokaci, da shaidu biyu. Lokacin yana da amfani idan daga baya aka ce motar ta yi wani laifi. Karɓi takardu na asali, makulli biyu, jak da safaya kafin ka tura cikon.

Mai son biya kaɗan-kaɗan ba tare da ruwa ba, bankunan Musulunci irin Jaiz da TAJ suna yin murabaha: su saya su sayar maka da riba sananniya. Kwatanta jimillar abin da za ka biya, ba na wata-wata ba. Musaya da tsohuwar motarka kuma, a yi wa kowace kuɗi daban; idan aka dunƙule aka ce “kawo taka ka cika kaza”, ba za ka san inda aka rage maka ba.

Idan aibi ya fito bayan na kai ta gida fa?

A fiƙihu, aibin da mai kaya ya sani ya ɓoye yana ba mai saye damar mayarwa. A aikace, tabbatar da cewa ya sani shi ne wahalar, kuma yawancin filaye suna ɗaukar mota ta fita ta fita. Don haka a nemi sharaɗi a rubuce: kwana 2 ko 3 a kan inji da giya, takardu kuwa ba wa'adi. In rigima ta taso, a fara da shugabannin dillalan wurin kafin a kai ga hukuma, sun fi saurin kashe magana.

Me zan yi a makon farko?

Ware kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin motar tun kafin ka fara nema. Juye baƙin mai da matatarsa, ka sa wanda littafin motar ya ce, kamar 5W-30 ga Corolla ta 2003 zuwa 2008. Canja matatar iska, don ƙurar hunturu ba ta raga mata. A wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, a mayar da tamostat, a gyara wayar fanka. Man giya kowace mota da nata: na Honda daban, na Toyota daban, kuskure a nan giyabos yake ci. Peugeot da Civic ta 2001 zuwa 2005 masu bel na taimin ne, a canja shi nan take tare da famfon ruwa, domin in ya tsinke a guje bawul yake lanƙwasawa.

Sannan canjin mallaka a ofishin lasisi na hukumar tara haraji ta jihar Kano, da takardar ciniki, takardar rantsuwa ta kotu da takardun motar na asali. Inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna ta koma naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023. Wadda aka ba ka a ƙasa da haka, duba ta a shafin tantance inshorar mota na askNIID, jabu sun yi yawa. Idan gilashin motar mai duhu ne, ka nemi izinin 'yan sanda da sunanka, na tsohon mai ita ba ya yi maka aiki. Ajiye takardun asali a gida, ka riƙa yawo da kwafi saboda 'yan KAROTA da VIO.